Shaidar Iyali: Nana Asma'u 'Yar Shehu a Matsayin Matar Aure, Uwa da Kaka

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793 zuwa 1864) ta fuskar da ba a cika kallonta ba, wato zamanta matar Waziri Giɗaɗo, mahaifiyar wazirai kuma kakarsu. Ta duba yadda gidan Shehu ya mayar da marsiyya wata hanya ta bayar da shaida a kan matan da suka rasu, da yadda wannan shaida ta zama tushen tarihi. Daga nan ta juyo ga ƙasar Zamfara, inda iyaye mata da dama suka karantar kuma suka yi hidima, amma ake binne labarinsu tare da su.

1. Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutuwa da rayuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a damanar da ta gabata na je ta'aziyya garin Rawayya, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, gidan wani abokin karatuna wanda mahaifiyarsa ta rasu tana da shekara fiye da tamanin. Mijinta yana zaune a zaure, tsoho tukuf, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya amsa da magana guda: "Ta yi haƙuri da ni." Daga cikin gida kuma labari yana fitowa ta bakin 'ya'ya da jikoki, cewa ita ta koya wa rabin matan unguwar alwala da hukuncin jinin al'ada, ita ake tasa da dare idan naƙuda ta yi tsanani, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Na tambayi ɗaya daga cikin jikokin, wanda ɗalibin jami'a ne, a wurin wa ta yi karatu. Bai sani ba. Na tambaye shi sunanta na yanka, sai ya ce, "Malam, mu dai Inna muke ce mata."

Wannan amsa ce ta sa na koma ga tarihin gidan Shehu, domin a nan ne muke da mace wadda aka san sunanta da malamanta da mijinta da 'ya'yanta da jikokinta, aka kuma san abin da danginta suka faɗa a kanta bayan ta rasu. Manazarta sun yi rubutu mai yawa a kan Nana Asma'u a matsayin malama kuma mawaƙiya. Abin da nake son nunawa shi ne, ilminta ya yi aiki ne daga cikin gidan aurenta, kuma iyalinta ne suka tsare mana shi. Wanda ya raba malamar da uwar gidan ba zai gane yadda sunanta ya kawo gare mu ba, ba kuwa zai gane dalilin da ya sa sunayen dubbai irinta suka ɓace ba.

2. Tsakanin kukan mutuwa da shaida

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a tsayar da iyaka, domin wasu ɗalibai suna ɗari-ɗari da duk wani yabon mamaci. Abin da Musulunci ya hana shi ne niyaha, wato kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da ƙirga darajojin mamaci don alfahari irin na Jahiliyya. Hawaye da baƙin cikin zuciya ba su cikin hani, gama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Ambaton alherin mamaci kuwa yana da asali mai ƙarfi. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta, aka wuce da wata suka kushe ta, sai Annabi ya bayyana cewa kowace ta sami abin da ya dace da shaidar da aka yi mata, ya kuma kira muminai shaidun Allah a bayan ƙasa.

Game da matar aure musamman, babu misalin da ya wuce yadda Annabi ya riƙa tuna Nana Hadiza bayan rasuwarta. Yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta nama. Da 'yar uwarta Hala ta nemi izinin shiga, muryarta ta tuna masa da Hadiza har abin ya bayyana a gare shi. Nana A'isha da kanta ta ce ba ta yi kishi da wata mace kamar yadda ta yi da Hadiza ba, alhali ba su taɓa zama tare ba, saboda yawan ambatonta da yake yi. Malaman tarjama sun bi wannan sawu: Ibnu Sa'ad ya keɓe juz'in ƙarshe na Ɗabaƙat ga mata, haka Sakhawi ya yi a Ad-Dau'ul Lami'.

Sai dai a fagen waƙar Larabci al'amarin bai zo da sauƙi ba. Jarir ya yi wa matarsa marsiyya, amma tun a farkonta ya ambaci kunyar da ke hana shi sakin hawaye da ziyartar kabarinta, abokin hamayyarsa Farazdaƙ kuma ya yi masa gori a kanta. Mutanabbi ya yi wa kakarsa marsiyya, amma kaso mai yawa na waƙar yabon kansa ne. Ibnu Rashiƙ na Ƙairawan, a ƙarni na biyar na Hijira, ya ƙaddamar a littafinsa Al-Umda cewa marsiyyar yaro da ta mace suna cikin mafi wuya ga mawaƙi, saboda ƙarancin siffofin da za a yabe su da su. Dalilinsa a fili yake. Ma'aunin yabo a wancan adabi shi ne jarunta a fagen fama da kyautar sarakuna da shugabancin ƙabila, wanda kuwa ya auna mace da wannan mudu zai ga babu abin aunawa. Gidan Shehu ya sauya mudun, kamar yadda za mu gani.

3. Gidan da ta tashi da alaƙarsa da Zamfara

Tun kafin a haifi Asma'u, mas'alar karatun mata ta riga ta taso, kuma a ƙasar Zamfara ta taso. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bayyana a Tazyinul Waraƙat cewa Shehu ya shiga Zamfara yana wa'azi har kimanin shekara biyar, daga wajen 1786. A wani wuri da ake kira Daura a ƙasar ta Zamfara, wani malamin Barno mai suna Mustafa, wanda aka fi sani da Goni, ya zo da waƙa yana neman Shehu ya hana mata halartar majalisinsa saboda cakuɗuwa da maza. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa. Amsar ta musanta cewa ana cakuɗuwa, ta kuma kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin abin da ya wajaba a kansu ya fi muni, kuma ƙa'ida ce a ɗauki mafi sauƙin cuta biyu. Daga baya Shehu ya ƙarfafa wannan matsayi a Nurul Albab, inda ya soki malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata ba su san farillan addini ba.

An haifi Asma'u a Ɗegel a shekara ta 1208 ta Hijira, daidai da 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, amma maimakon sunan da aka saba ba 'yan biyu, Shehu ya sa mata Asma'u. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu, A'isha da Hauwa, mahaifiyar Muhammadu Bello. Gida ne da karatun mata ba baƙo ba ne a cikinsa: ana ambaton Hauwa mahaifiyar Shehu da kakarsa Ruƙayya da ilmi da salihanci, yayarta Hadiza kuma malama ce, ita ce mahaifiyar Abdulƙadir ɗan Tafa, masanin nan da ya yi fice a fannoni masu zurfi.

Ƙuruciyar Asma'u ta ƙare da wuri. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. A shekarar aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, aka kuma sha kashi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. A 1805 Jama'a ta gangaro Sabon Gari a ƙasar Zamfara cikin yunwa da rashin lafiya, daga nan ta wuce Gwandu. Yarinyar da za ta zama malamar mata ta taka ƙasar Zamfara ne tana cikin ayarin masu gudun hijira, tana ganin zawarawa da marayu suna ƙaruwa bayan kowane yaƙi. A waɗannan shekaru ne kuma rikici ya kai ga 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilmi da ke kusa da Tsafe, inda malamai suka rabu a kan da'awar Shehu, Malam Sambo ɗan Ashafa yana cikin waɗanda suka ba ta goyon baya, shi ne kuma wanda ya kafa Gusau. Saboda haka mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Rawayya ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi.

4. Matar Giɗaɗo

An aurar da Asma'u ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima wajen 1807, lokacin Jama'a tana Gwandu. Giɗaɗo aminin Muhammadu Bello ne, kuma ya girme ta da shekaru masu dama. Bayan rasuwar Shehu a 1817 da naɗin Bello, shi ya zama waziri. Shi ke kula da hulɗa da masarautun gabas irin su Kano da Zazzau, an taɓa aika shi Barno a lokacin muhawara da Shaihu Al-Kanemi, kuma shi ya karɓi baƙuncin Baturen Ingila Clapperton a zuwansa Sakkwato a 1824 da kuma dawowarsa, wadda a cikinta ya mutu a 1827. Gidansu yana unguwar da har yau ake kira Giɗaɗawa a Sakkwato.

Mai karatu ya ƙiyasta nauyin irin wannan gida: jakadu, malamai, masu ƙara, fatake, almajirai, ga maigida kullum a kan hanya ko a sansanin yaƙi. A cikin wannan hidima Asma'u ta rubuta Tanbihul Gafilin da Larabci a 1235 ta Hijira, daidai da 1820, tana da shekara ashirin da bakwai, da ƙananan yara a gabanta. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowane harshe da waɗanda take nufi da shi: Larabci ga malamai, Fulatanci ga dangi da almajiran gida, Hausa ga jama'ar ƙasa. Ta mayar da waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe don sauƙin haddacewa, ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani.

Abin da ya fi bayyana irin zaman da ke tsakaninsu shi ne aikin da suka yi bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837. Waɗanda suka ga farkon al'amari da idonsu suna ta ƙarewa, sai miji da mata suka duƙufa ga rubuta abin da suka sani. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu da Al-Kashfu wal Bayan a kan Bello, da zube, da Larabci. Asma'u ta ɗauki tarihin hijira da yaƙe-yaƙen ta tsara shi a waƙar Fulatanci mai suna Filitago, wadda fassararta ta Hausa ta shahara da sunan Waƙar Gewaye. Nasa ya tafi ga masu karanta littafi, nata ya shiga kunnen waɗanda ba su karatu. Masu bincike a kan Daular Sakkwato har yau suna dogara da waɗannan ayyuka, kuma daga gida ɗaya suka fito.

Aurensu ya haura shekara arba'in. Da Giɗaɗo ya rasu ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Abin lura a cikinta shi ne abin da ta zaɓa ta ambata: kulawarsa da baƙi da mabukata, tsayuwarsa a kan gyaran masallaci da ƙofofin gari da makwancin Shehu, da amanarsa ga Bello. Ba ta gina yabon a kan dawaki ko ganima ba. Ta auna mijinta, wazirin daula, da ma'aunin hidima da tsoron Allah, kuma da shi ɗin ta auna matan da ta yi wa marsiyya.

5. Uwa da kaka

Giɗaɗo ya sauka daga wazirci a 1842, ɗansu Abdulƙadir ya gaje shi. Abdulƙadir malami ne, shi ne mai littafin Anisul Mufid. Bayansa, wajen 1859, ɗansa Ibrahim Halilu ya hau. Ke nan Asma'u ta ga mijinta da ɗanta da jikanta a kan wannan kujera tana raye. Bayan rasuwarta wani ɗan nata, Abdullahi Bayero, ya riƙe wazirci, sannan jikanta Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ya karɓa a 1886.

Buhari ya kai shekara ashirin da 'yan kai lokacin da kakarsa ta rasu, don haka ya san ta sanin ido da kunne. A kansa nauyi ya faɗo a watan Maris na 1903, da sojojin Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da waɗanda suka zaɓi hijira. Buhari ya tsaya da sauran jama'a, ya nemi fatawar malamai, daga baya ya rubuta risala zuwa ga ma'abuta ilmi da tunani yana bayyana dalilan da suka sa ya yi sulhu da damuwar da ke ransa a kan haka. Malamai na iya saɓani a kan wanda ya fi dacewa tsakanin mai hijira da mai zama, amma ɗabi'ar mutum ya zauna ya rubuta hujjarsa don na baya su yi masa hisabi, ɗabi'ar gidan da ya tashi ce.

Ɗan Buhari shi ne Waziri Junaidu (1906 zuwa 1997), tattaɓa-kunnen Asma'u, wanda ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa. A taskar littattafansa aka adana mafi yawan rubuce-rubucenta. Ya ambace ta a Arfur Raihan, littafinsa a kan Shehu da 'ya'yansa, kuma a wurinsa Jean Boyd ta yi shekaru tana neman bayani kafin ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. Duniya ta san Asma'u ne saboda zuriyarta ta riƙe takardunta tsara huɗu, ta tsare su daga gara da gobara da ruwan sama. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambaci abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilmi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. A tarihin Asma'u na ukun ne ya ɗauko na biyun ya kawo mana.

Renonta bai tsaya ga 'ya'yan cikinta ba. Ƙanenta Isa, autan Shehu, an haife shi ne bayan rasuwar mahaifinsu, ya tashi bai san uba ba. Ya zama abokin aikinta, ya yi tahamisin Tabbat Haƙiƙa, ya mayar da waƙoƙinta da dama daga Fulatanci zuwa Hausa, ya kuma riƙe ribaɗin Kware, abin da ya sa ake kiran sa Isa Mai Kware.

6. Yadda ta tuna wasu mata

Daga wajen shekarun 1830 Asma'u ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Matan karkara masu ƙananan yara ba su iya barin gidajensu, don haka dattijai mata da 'yan mata ƙanana ne ke tahowa Sakkwato ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya ƙarƙashin shugabar da ake kira jaji, wadda Asma'u ke naɗawa da malfa da jan ƙyalle. Su zo da sadakar hatsi ko zuma ko man shanu ko tufafi a raba wa mabukata, su koma da waƙoƙin tauhidi da tsarki da salla da sirar Annabi, su koyar a ƙauyukansu. Da yawa daga cikin matan karkara na wancan lokaci sun fito ne daga al'ummomin da yaƙi ya tarwatsa, bori kuma yana da ƙarfi a cikinsu, sai wannan karatu ya zame musu madogara.

Domin waɗannan mata ta tsara waƙar da ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka, bisa wani littafi na Bello a kan salihan mata. Ta jero matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa da matan Jama'ar Shehu waɗanda ta sani. Da haka ta sanya matan ƙasar Hausa cikin silsila ɗaya da magabata.

Marsiyyoyinta sun fi wannan kusanci. Ta yi wa 'yar uwarta Faɗima. Ta yi wa A'isha 'yar Umaru Alkammu, matar Bello, ƙawarta tun ƙuruciya, har sau biyu, da Larabci da Fulatanci. Waɗannan manyan gida ne, ba abin mamaki ba ne a yi musu waƙa. Amma ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, mai kirki da riƙon zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda, take wankan gawa, take karantarwa. Ta yi wa Hawa'u, wata jaji da ta yi shekaru tana kawo ɗalibai daga ƙauye. Ba mu san waɗannan mata uku ta wata hanya ba sai ta alƙalaminta.

A nan ne amsar Ibnu Rashiƙ take. Asma'u ba ta rasa siffofin yabo ba, domin ta ƙirga abin da shari'a ke ƙirgawa: karatun Alƙur'ani, ciyar da baƙo, renon maraya, sasanta masu husuma, zaman jinya, haƙuri da dangin miji. Da zarar an ɗauki wannan ma'auni, rayuwar ungozoma ta ishi ƙasida.

Wajibi ne mai nazarin tarihi ya yi hattara da irin wannan tushe. Marsiyya ba ta ambaton aibi, an kuma hore mu da kame baki daga zagin matattu. Saboda haka ba a ɗaukar ta a matsayin cikakken hoton mutum. Amma tana da amfani biyu da ba a samu a littattafan yaƙi: tana ba mu sunaye da ayyukan mutanen da marubutan sarauta suka tsallake, tana kuma nuna mana abin da al'umma ke ɗauka nagarta a zamaninta.

7. Rasuwarta

Asma'u ta rasu a 1280 ta Hijira, daidai da 1864, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ta riga ta binne mahaifinta da baffanta Abdullahi da yayanta Bello da mijinta da ƙawarta A'isha. Wadda ta yi wa mutane da yawa marsiyya, sai ƙanenta Isa ya yi mata. Ya ambaci ilminta, amma ya tsaya sosai a kan kyautarta ga mabukata, da sasanta tsakanin dangi, da yadda ta ɗauki nauyin jama'a kamar uwa. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, tsarin kuma ya rayu har cikin zamanin Turawa da bayansa.

8. Kammalawa

Mu koma Rawayya. Tsohuwar da na je ta'aziyyarta ta yi irin aikin Zaharatu shekara hamsin ko fiye. Bambancinsu shi ne ɗaya ta sami wanda ya rubuta, ɗaya ba ta samu ba. Dalilan ɓacewar sunayen mata a wurinmu sanannu ne. Kunya tana hana miji yabon matarsa a bainar jama'a, tana hana ɗa kiran sunan mahaifiyarsa, har jika ya tashi bai san wani suna ba sai Inna ko Iya ko Goggo. Nasaba ta wajen uba ake ƙirga ta. Karatun cikin gida ba ya da ijaza a rubuce. Kaburburanmu ba su ɗauke da suna. Kunya ɗabi'a ce ta imani, ba kuma ina kira a yar da ita ba ne, amma wanda ya fi kowa kunya ya ambaci Hadiza har matansa suka yi kishi.

Halin da Zamfara ke ciki ya sa al'amarin ya zama na gaggawa. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da yawa a yankunan Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau, tsofaffin da ke riƙe da labarin garuruwansu suna zaune a gidajen dangi ko na haya a cikin birni, nesa da allunansu da gafakokin mazajensu. Duk wadda ta rasu a cikinsu, ta tafi da sunayen malamanta da na waɗanda suka gabace ta.

Shawarata ga sassan nazarin addinin Musulunci ita ce a karɓi tarjamar malamai mata na cikin gida a matsayin batun kundin kammala digiri, a kuma horar da ɗalibai, musamman mata, a kan yadda ake tattara ta. A rubuta cikakken sunan mace da na iyayenta biyu, garin da aka haife ta da wanda aka kai ta aure, wanda ya fara ɗora mata allo, littattafan da ta sauke, ko Ahalari ne ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, waƙoƙin wa'azi da na bege da ta haddace da bakin wanda ta ji su, da matan da suka yi karatu a wurinta. Inda ba a san shekara ba, a ɗaure labarin da sarautar wani sarki ko wata yunwa ko wani abin da aka san lokacinsa. A nemi izinin iyali, a bar abin da suka ce a sakaya, kada kuma a ƙara mata karamar da ba ta da ita, gama shaida amana ce. Wanda mahaifiyarsa ko kakarsa ke raye, ya fara da ita tun tana iya gyara masa kuskure.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mijinta da zuriyarta, Ya jiƙan iyayenmu mata da kakanninmu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Allah ne Mafi sani.